Awon Hannu Bai Ga Ciwon Khaulat Ba

A bakin titin Dogo Nini Yunus ya fara ganin jikata Khaulat. Daga Islamiyya take, ta zauna a dakalin wani shago ta dafe ƙirji. Ya tsayar da keken napep ɗinsa.

"'Yanmata, lafiya? Gudu kika yi?"

"Tafiya kawai na yi," ta ce da ƙyar.

"To shigo. Na ga alama sarauniya ce ke, ba a saba miki taka ƙasa ba."

Sunan da ya bi ta ke nan, Sarauniya. Ni Yaji, kakanta, da na riƙe ta tun rasuwar ubanta, kallo ɗaya na yi masa na san ɗan kirki ne. Ban yi boko ba, amma wanda ya tsufa yana duba haƙorin bijimi a kasuwar shanu, ya kuma fita da ransa ranar da 'yan bindiga suka buɗe wa kasuwar wuta, ba a koya masa duba mutum.

"Kai ne za ka ƙwace mini mata?" na ce masa.

"Tsoho, ai ka yi ritaya."

Aka kai gaisuwa, aka sa rana. Sai dai numfashin Khaulat kullum gajarta yake. An ce asma ce, ta shaƙi magani, ba sauƙi. Ƙafafunta suka kumbura. Ranar da ta faɗi a bakin rijiya na ɗauke ta sai asibitin Kano.

Likita ya ɗora mata na'ura a ƙirji, zuciyarta ta fito a allo tana motsi. Ya sa ta tafiya a baranda yana duba agogo, ba ta yi nisa ba ta jingina da bango. Ya ce ɓangaren dama na zuciyarta ya buɗe, yana zargin hawan jini a jijiyoyin huhu, sai mun dawo a tabbatar. Sannan ya sassauta murya: in shi ne, ɗaukar ciki zai iya kashe ta.

Tun a mota ta rubuta wa Yunus: "Nurul ƙalbi, an ce hawan jini gare ni, ba zan haihu ba. Na yafe maka alkawari, kai ma ka yafe mini."

Ya Gumsu, mahaifiyarsa, ta ce ina aka taɓa jin yarinya ƙarama da hawan jini? Ta zo da kanta ta ja Khaulat kemis, aka ɗaura mata abin awo a dantse.

"Lafiya ƙalau, Hajiya," in ji mai kemis. "Nata ma ya fi naki kyau."

"Ka ji ko?" ta ce wa ɗanta da ta koma gida. "Wani ta samu. In ma gaskiya ne, ni jikoki nake so. Ko wanne ne, ka haƙura."

Saƙonsa ya shigo da la'asar: "Sarauniya, da cewa kika yi kin daina sona, da ya fi mini sauƙi a kan ƙaryar ciwo."

Ta karanta, ta kife wayar. Ba ta yi kuka ba, don kuka ma numfashi yake ci.

Ni na same shi a tasha na riƙe kan kekensa. "Jinina ba ya ƙarya. Gobe za mu koma Kano, da kai za a tafi."

A can aka zura mata siririyar roba ta jijiyar wuya har cikin zuciya. Da likita ya fito, Yunus ya tare shi da maganar kemis.

"Awon hannu na jinin da ke zagaya jiki ne," in ji likita. "Na huhu hanyarsa daban, sai an shiga ciki ake auna shi. Nata ya hau ƙwarai. Akwai maganin da zai sassauta mata, amma ba ya warkarwa."

Yunus ya shiga ya durƙusa a gefen gadonta.

"Na ce miki maƙaryaciya, Sarauniya."

"Ya wuce. Ka je ka auri mai lafiya, Yunus."

"Ke nake nema."

"Haihuwa fa?"

"Ke nake nema. Kwanakin da Allah ya rubuta miki, masu yawa ne ko kaɗan, ki yi su a ɗakina."

Ya Gumsu ta daɗe ba ta sauko ba. Sai ranar da ta zo dubiya ta tarar da Khaulat tana sallah a zaune, tana hutawa tsakanin sujada da sujada. Ta tsaya a bakin ƙofa har aka sallame, sannan ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "'Yata, sannu. A bar ranar yadda aka sa ta."

A masallacin unguwar Yerimaram aka ɗaura auren, ni ne waliyyi. Ana shafa Fatiha maroƙi ya ɗaga murya: "Allah ya kawo ƙazantar ɗaki!"

Na miƙe da sandata. "Kai, dakata. Wannan a bar wa Allah. Jama'a, amaryar nan numfashi za ku roƙa mata."

Liman ya sake ɗaga hannu.

"Allah ka yalwata ƙirjinta, ka daɗe da su tare, ka sa albarka."

Kowa ya amsa. Yunus kuwa ya rufe fuska da hannun babbar rigarsa, har aka fara watsewa yana cewa amin.