Ɗakin Batura

Da Sufeto ya isa gidan, an riga an lulluɓe gawar maigidan da zane a ƙofar ɗakin batura. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika tsakar gida. Ciki kuwa, batir biyu sun tarwatse, sauran sun kumbura suntum, suna wani tsiii a hankali kamar masu numfashi. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya ja da baya.

Mai haɗa sola na durƙushe da ankwa a hannu, don tuni 'yan gida suka ce aikinsa ne ya kashe mutum.

"Yallaɓai, wallahi na bar tagar iska, na sa kwantirola mai hana caji yin yawa. Batirin nan rufaffe ne, ba ya fitar da iska mai kama wuta sai caji ya yi masa yawa."

Sufeto ya ɗaga kai. An cusa wa tagar tsumma tam. A ƙasa kuma ga kwalin ashana da guntun sigari.

"Maigida yana shan taba?"

"Haba! Ya bari tun da likita ya hana shi," in ji matar maigidan, amma ta kasa haɗa ido da shi. Can ta fashe da kuka. "A nan yake ɓuya ya sha. Shi ya toshe tagar, kada mu ji wari."

Saura sanin abin da ya sa caji ya yi yawa. Ruwan batir ya fallatsa ko'ina, ya ɓata bango da kwantirola, amma wayoyi biyu da ke shiga cikinta fes suke. Ashe bayan fashewar aka mayar da su.

Sufeto ya juya ga babban ɗan mamacin, wanda shi ma gyaran wuta yake yi.

"Ka shiga ɗakin nan yau?"

"Ni? Ko leƙawa ban yi ba."

"To me ya ci hannun rigarka?"

Ɗan ya duba. Ƙananan huji ne birjik, irin wanda ruwan batir kan yi wa yadi. Nan take ya amsa laifinsa.

"Ni ne ɗansa, amma ya kira bare ya ba shi aikin, wai ban ƙware ba. Na tsallake kwantirola, na haɗa sola kai tsaye. So nake batura su lalace kawai, ya gane kurensa. Wallahi ban san Baba yana shiga ba!"

Sufeto ya sha ganin masu kisa, amma wannan ya ba shi tausayi har ransa. Ya sa aka cire ankwa daga hannun mai sola, aka ɗaura wa ɗan.

Suna wucewa ta gefen gawar, uwar ta riƙo rigar ɗanta.

"Jiya fa babanka ya ce mini aikin solar sabon shagonsa kai zai ba."