Yashin Jajimaji

Da hantsi ne, a bakin kogin Gashua, cikin shekarar 1954. Meram ta cika tulunta za ta ɗauka, sai wata 'yar kitika koriya, ƙaramar motar ɗaukar kaya, ta gangaro tana huci, ta tsaya. Wani dogon saurayi ya diro, hannuwansa duk baƙin mai.

"Sannu 'yan mata. A taimaka wa mai ƙishi."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ɗebo ruwa a ƙoƙo ta miƙa masa. Ya karɓa ya tsaya riƙe da shi.

"Ba ka sha ba," ta ce a hankali.

"Ba ni ne mai ƙishin ba, ita ce," ya nuna motar. "Amma ba a buɗe mata baki tana cikin fushi. Sai ta huce."

Dariya ta kuɓuce wa Meram, ta rufe baki da gefen mayafi. Rabonta da dariya tun rasuwar yayanta Abbagana.

Sunan saurayin Modu, mutumin Nguru. Yana ɗaukar kayan 'yan kasuwa daga Gashua zuwa tashar jirgin ƙasa. Cikin masu hawa motarsa har da Yakaka, gwaggon Meram, mai sayar da bandar kifi. A cikin kwandonta wasiƙu suka riƙa tafiya tsakaninsa da Meram, da rubutun ajami.

"Zuwa ga Sanyina. Na iso Nguru lafiya. Mota ta sha ruwan rijiya ta ƙi gamsuwa, ni ma haka. Laraba zan zo. Naki, Modu."

Kwana biyu Meram ta yi kafin ta rubuta amsa.

"Ya Modu, na ga takarda. Ban iya dogon rubutu ba. Ka riƙa tafiya a hankali. Meram."

Tana da dalilin faɗin haka. Duk shekara, in an gama jigilar gyaɗa, direbobi sukan yi tsere daga tashar Gashua zuwa Nguru. Ba wata hukuma ce ta shirya ba, su suka ɗora wa kansu. Wanda ya fara isa ya sami rago da kirari. A tseren bara Abbagana ne a gaba, sai motarsa ta mutu a yashin Jajimaji. Ya sauka zai tayar da ita, handul, ƙarfen da ake juyawa a tayar da inji, ya dawo ya buge shi a ƙirji. Ya kwanta a gefen mota daga hantsi har azahar kafin makiyaya su tsince shi. Kwana biyu ya yi ya cika. An ce mota ɗaya ta wuce shi ba ta tsaya ba, amma ba a faɗa wa matan gida sunan direban ba.

Bayan wata biyar Modu ya turo manyansa wurin mahaifinta, Alhaji Laminu. Meram tana bayan zana tana ji.

"Mai koriyar kitika?" in ji Alhaji. "Ku ɗauki goronku. Ku je ku tambaye shi wa ya ci ragon bara."

Meram ta zauna a ƙasa.

Ranar Laraba da la'asar Meram da Modu suka haɗu a zauren Yakaka. Wannan karon ta dube shi ido cikin ido.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Ka san yayana ne?"

"Daga baya na sani. Na ji tsoron in faɗa miki."

"Ka gan shi a kwance?"

Modu ya cire hula ya riƙe. "Na ga ƙafafunsa a gefen mota. Na ce gyara yake yi, haka direba kan kwanta. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, Meram. Zuciyata ta ce in tsaya, ƙafata ta ƙi sauka daga totur. Tasa silinda shida, tawa huɗu. Shekara uku ina shan ƙurarsa, ban taɓa shan gabansa ba sai ranar."

"Ragon fa?"

"Na yanka, na kasa ci."

"Da ka ci, tunda da ran ɗan'uwana ka same shi."

Ta fita ba ta waiwaya ba.

A kwanakin ne Bobboi, ɗan wani dillalin shanu, ya fara zuwa gaida Alhaji Laminu, yana neman auren Meram. Ya shigo da sabuwar mota baƙa daga Kano a kan jirgin ƙasa, doguwa, mai sheƙi. Alhaji bai ce masa i ba, bai ce a'a ba. Meram kuwa ko sunansa ba ta son ji, ba ta kuma son jin na Modu.

Da tsere ya matso, a tasha ba a maganar komai sai injuna. Bobboi ya buɗe bonet, direbobi suka yi dafifi.

"Ku ƙirga da kanku," in ji shi. "Silinda takwas. Ƙarfin doki casa'in ne a cikinta."

"Kai! Ta Modu fa?" wani ya tambaya.

"Doki arba'in, talatin sun gurgunce!" in ji Bobboi.

Aka fashe da dariya. Modu yana goge fulogi, bai ɗago ba.

"Doki casa'in duk sai sun sha ruwa," ya ce. "Kuma nauyi kawai suke zama in an shiga yashi. Wannan motar ta titin Kano ce."

Bobboi ya matso kusa da shi. "Kai har ka yi maganar yashi? Ragonka na bara ba gudu ya ba ka ba, gawa ce ta ba ka."

Modu ya ajiye tsumma ya ce a sa shi cikin masu tsere.

Washegari Yakaka ta miƙa masa takarda.

"Ya Modu, na ji za ka shiga. Ashe rai ɗaya bai ishe ka ba. Kada ka ƙara rubuto mini. Meram."

Ya ninke ta ya sa a aljihu, bai fasa ba.

Ranar tsere motoci biyar suka jeru. Modu ya rage wa tayoyinsa iska saboda yashi, 'yan kallo suna yi masa ba'a. Aka ɗaga mayafi, aka saki. Muddin hanya na da tauri ba mai kama Bobboi, har ƙurarsa ma ta ɓace. Modu ya bi a natse, har aka shiga yashi. Nan 'yar kitikarsa mara nauyi ta riƙa tafiya a kai kamar agwagwa a ruwa, ta wuce sauran ukun ɗaya bayan ɗaya.

A yashin Jajimaji baƙar mota ta nutse har gindi. Bobboi ya yi ta danna totur har injin ya tafasa. Don sauri bai jira ta huce ba, ya murɗe murfin lagireto. Tafasasshen ruwa ya watso masa a fuska da ƙirji, ya faɗi.

Da Modu ya ɓullo, abin da ya gani ke nan: bonet a buɗe, da ƙafafun mutum a gefen mota. Gabansa hanya fayau har Nguru.

Ya ɗaga ƙafa, ya taka birki.

Yana kwarara wa Bobboi ruwan jarkarsa, sauran motocin uku suka wuce suna matsa hon. Ya ciccibe shi ya kwantar a baya kan buhuna, ya tuƙa a hankali, don duk rami sai Bobboi ya yi ƙara. Su ne ƙarshen shiga Nguru. Mutanen da ba su san abin da ya ɗauko ba suka bi shi da ihu, "Kunkuru ya iso!" Bai tsaya a tasha ba, asibiti ya wuce.

Bayan mako guda mahaifin Bobboi ya zo Gashua, ya ba Alhaji Laminu labari duka, ya ce ɗansa ya janye daga neman auren. Da ya tafi, Alhaji ya kira Meram.

"Kin ji Modu ya tsaya."

"Na ji, Baa."

"Tun bara nake cewa ina ma ya tsaya. To ya tsaya, ga ɗan wani." Muryarsa ta karye. "Bai dawo mini da Abbagana ba."

"Bai dawo da shi ba, Baa."

"Har yanzu kina son sa?"

Hawayenta ya ɗiga a kan tabarma. Alhaji ya daɗe yana kallonta.

"Ɗa ɗaya na binne. Ba zan zauna ina kallon ɗaya tana ƙarewa a tsakar gidana ba. A ce su dawo da goron."

An ɗaura aure bayan ƙaramar Salla. A koriyar kitikar aka ɗauki amarya, Yakaka na gefenta. Da suka iso yashin Jajimaji, ba wanda ya ce wa Modu komai, ya tsaya ya kashe mota.

Meram ta sauka da lalle a ƙafa, ta taka yashi mai zafi. Ta durƙusa ta yi wa yayanta addu'a mai tsawo. Modu yana nesa, hula a hannu. Da ta shafa ta taso, ta tsaya kusa da shi, tana kallon motar da ke huci.

"Har yanzu ina fushi da kai, Ya Modu."

"Na sani, Sanyina."

"Ban san ranar da zai wuce ba."

"Zan jira. Ba inda nake sauri kuma."

Ta miƙa masa ƙoƙon da ta taho da shi cikin kayanta, wanda ya riƙe a bakin kogi. Ya karɓa da hannu biyu.

Yakaka ta leƙo daga mota tana share ido da bakin zane. "Allah Ya jiƙan na ƙasa, Ya sanya albarka ga na sama. Allah Ya ba ku haƙuri da juna, Ya ba ku zuriya mai tausayi. Ku zo mu tafi, rana na yi."

Suka ce amin. Sai da injin ya huce Modu ya zuba ruwa, ya juya handul yana kauce masa, suka kama hanyar Nguru a hankali.