Layin Wuya

Ilyasu baduku na unguwar Zariya mutum ne mai iyayi. Ko ba a sa shi gyara ba sai ya yi. Ranar Laraba wata tsohuwa, Tsahara, ta zo daga Tibiri da wata takardar fata da kakanta ya samo hannun fataken arewa. Gafaka kawai take so a ɗinka mata.

Zane ne na naɗin wani babban sarki na can wata duniya. Yana zaune kan kujerar zinariya, mutum biyu na ɗora masa kambi, fadawa bakwai sun kewaye shi, kowa da ƙararrawa a hannu. A wuyan kowannensu, har da sarkin, an ja siririn baƙin layi.

"Ɓarnar yara ce," in ji Ilyasu. Ya sa wuƙa ya kankare layukan tas. Bawan Allah bai san malaman zamanin da ne suke jan layin nan ba, don yanke wa hoto rai.

Dab da magariba ya hau motonsa, wato babur, zai mayar mata. Ya wuce gonakin gero, hanya ba kowa. Sai ƙamshin wani turare mai nauyi ya cika masa hanci. Moton ya yi tari, ya mutu.

Ƙararrawa. A hankali, daga cikin gero.

Ya zaro takardar, ya haska da waya. Fadawan duk sun juyo suna kallonsa. Sarkin kuwa fuskar Ilyasu ce da shi, har da tabon goshinsa.

"Zauna, ranka ya daɗe," wata murya ta raɗa a bayan kunnensa. "Mun daɗe muna riƙe da kambin nan."

Aka cire masa hula. Wani sanyin ƙarfe ya fara taɓa gashinsa. A jikinsa ya ji in abin nan ya zauna masa, shi da gida har abada.

Maganar Tsahara ta faɗo masa: "Ka bar shi yadda ka gane shi, ɗana."

Ya lalubo bik ɗinsa na rubutu a aljihu. Ya ja layi a wuyan bafade na farko. Ƙararrawa ɗaya ta yi shiru.

Na biyu. Na uku. Har masu riƙe da kambin.

Nauyin kambin bai ɗaga daga kansa ba.

Saura sarki.

Ilyasu ya dubi fuskarsa a jikin takardar. Ya yi bisimilla, ya ja layin a wuyan sarkin.

Wani manomi mai amalanke ne ya tsince shi kwance bakin hanya. Da Tsahara ta ga takardar, ta riƙe baki. "Wayyo ɗana, mi ya kai ka?"

Tun da ya ja layin a wuyan nan, har yau Ilyasu bai sake furta kalma ɗaya ba. Matarsa Hidaya ce ke magana da masu kawo aiki. Ranar Juma'a kuwa, a sahun salla, shi kaɗai ne dattijon da ke tsayawa ba hula, don ba ya yarda a sake ɗora masa komai a kai.