Wadda Ta Shanye Gahawar Marigayi

Faranti ne ya fara faɗuwa, sannan muryar ta biyo baya.

"Maigida... ka zo?"

Lua tana bakin randa tana wanke hannu, reshen fure ya kare ta. Ta leƙo. Wata dattijuwa ce tsaye a baranda, farin ƙyallen makoki ɗaure a goshinta, ayaba da lemo sun watse a ƙafafunta. Ta ƙura wa tambulan ɗin da ke kan ɗan tebur ido, wanda babu komai a cikinsa sai guntayen ƙanƙara.

Lua ta gane ta daga hoton da ke wayar saurayinta Khang. Inna Sau ce, mahaifiyarsa.

Da sauri ta goge hannu ta fito, ta harɗe hannaye a ƙirji ta rusuna.

"Ina wuni, Inna. Ni ce Lua... Na gode da gahawa, ta sauke min gajiyar hanya."

Inna Sau ta juyo a hankali. Hasken da ke fuskarta ya mutu a gaban idon Lua.

"Ke kika sha?"

"Ni ce, Inna..."

"Na shiga uku!" Wata ce ta kurma ihu daga bakin ƙofa, Gwaggo Bay, ƙanwar marigayi. "Jama'a ku fito! Baƙuwa ta shanye rabon mamaci!"

Mutanen da suka cika falo suka yo waje, ƙamshin turaren tsinke na biye da su. Ranar ce ake rufe makokin Baba Sau, mahaifin Khang, a ƙona fararen ƙyallaye, ranar da Khang ya ce daga ita babu abin da zai hana a yi maganar aurensu.

"Ke 'yar gidan uban wa?" Gwaggo Bay ta matso har tana tofa mata yawu. "Kujerarsa ce wannan! Tun da ya rasu kullum sai matarsa ta ɗora masa gahawa a nan. Ta yau kuwa ita ce ragowar wadda ya soya da hannunsa, cokalin ƙarshe a gwangwani, aka adana don wannan rana. Kika zauna kika ɗaga kai kika shanye!"

Lua ta nemi Yen da ido, 'yar maƙwabta, wadda ta tare ta a ƙofar gida da fara'a ta ce, "Yaya Khang ya tafi sayo ƙanƙara. Zauna can a inuwa, ga gahawa ma tana ɗiga."

Ga ta can bayan Gwaggo, ta dafe baki da hannu biyu, ita a dole abin ya girgiza ta.

A lokacin babur ɗin Khang ya shigo, buhun ƙanƙara ɗaure a baya yana zubar da ruwa. Ya dubi tambulan, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi Lua.

"Yaya..." ta ce.

Ya buɗe baki. Ya rufe.

Lua ba ta san yadda ta sa takalmi ba. Ta dai tsinci kanta a kan babur ɗinta tana tsallake gadar Can Tho, hawaye na cika mata hular kwano, zaƙin madara har yanzu a harshenta.

*

Kwanaki suka shuɗe ba ta ɗaga wayarsa ba. Ta je makaranta ta koyar da yara, ta dawo ɗakinta na haya ta kulle. Ko warin gahawa ta ji a bakin titi sai ta ji kamar ta nutse. Ita da aka haifa a gonar gahawa a tsaunukan Buon Ma Thuot!

Ran Lahadi da hantsi Khang ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Lua... ƙanwata, buɗe min."

"Ba na nan."

"To wa ke magana?"

"Ɓarauniyar matattu. Haka gwaggonka ke kirana a kasuwa, labari ya iso gare ni."

Ta ji ya jingina da ƙofa.

"Abar ƙaunata, ni ne ya kamata in ɓuya. Na tsaya kamar gunki ana cin mutuncinki. Ko injin jirgin ruwa na kasa gyarawa a wurin aiki a makon nan, sai in kwance in rasa yadda zan mayar."

"Me Inna ta ce?"

Ta ji yana murza takalminsa a ƙasa.

"Yaya Khang, me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta wanke tambulan ta kife. Tun ranar ba ta sake ɗora masa gahawa ba."

Lua ta toshe bakinta da gefen riga.

"Gwaggo kuma ta je wurin mai duba," ya ci gaba. "Wai wadda ta fara da cin rabon mamaci, za ta cinye gidan gaba ɗaya. Wai Yen ce tauraronta ya dace da nawa."

Mai duban nan kuwa duk unguwa an san bai taɓa hango abin da ya saɓa wa wanda ya kawo masa kaza ba.

"To ka aure ta mana."

"Kada ki sake faɗa min haka! Ki dai gaya min, wa ya ce ki zauna a wurin?"

Sunan yana bakinta, amma ta haɗiye shi. Domin akwai abin da ba ta faɗa wa kowa ba. A ƙarƙashin kujerar akwai silifas na namiji, tsofaffi, an jera su tsaf. Ta gan su. Ƙishi ya sa ta ture su gefe da ƙafa ta zauna. Yen ta nuna mata kujera, amma ba Yen ce ta ture silifas ba.

"Ka tafi, Yaya. Ba zan iya haɗa ido da mahaifiyarka ba har in mutu."

*

Sai ga mahaifiyar ta zo da kanta.

Da la'asar ne, an ɗauke ruwan sama kenan. Lua ta buɗe ƙofa don ta shanya kaya, ta yi kiciɓis da Inna Sau tana naɗe lema, Khang a bayanta ya sunkuyar da kai.

"Kai tsaya a waje," Inna ta ce masa. "Ka iya tsayuwa ai, na gani."

Ta shiga ta zauna a bakin tabarma. Lua ta zube a gabanta.

"Inna, ki yafe min... ban san..."

"Tashi, ba kuka na zo ji ba, na gaji da shi a gida. An ce ubanki manomin gahawa ne. Akwai ta a ɗakin nan?"

"Akwai, Inna."

"Haɗa min."

Khang ya leƙo ta taga. "Inna, zuciyarki fa? Ba kya sha..."

"Na ce ka tsaya a waje."

Lua ta ɗora ruwa a wuta. Ta ɗauraye ɗan matacin ƙarfe da ruwan zafi, ta zuba madarar gwangwani mai kauri a gindin tambulan, ta aza mataci a kai. Garin gahawa cokali uku, ta danna shi sama-sama, don idan aka matse ruwa ba zai wuce ba, idan aka sake kuma sai ya zube salam. Ta ɗiga ruwa kaɗan ta jira garin ya kumbura, sannan ta cika ta rufe.

Ɗis...

Ɗis...

Babu yadda za a yi da wannan mataci, ba ya sauri don mutum yana jin kunya. Dole su biyun suka zauna suna kallonsa.

"Tambaya ɗaya na zo yi," Inna Sau ta ce. "A duniya yanzu ke ce ta ƙarshe da ta ɗanɗana gahawar mijina. Yaya take?"

Lua ta dubi ƙasa.

"Ta... ta yi daɗi, Inna."

"Dube ni."

Ta ɗago.

"Yaya take?"

Hawaye suka zubo wa Lua. Ta riga ta rasa komai, ƙarya kuma ba za ta dawo mata da shi ba.

"Ɗaci, Inna. Da ƙauri. Kamar an ƙona tayar keke an jiƙa. Ba don madara da ƙishi ba, da ban iya haɗiyewa ba."

Mataci ya ci gaba da ɗiga.

Kafaɗun Inna Sau suka fara girgiza. Lua ta zaci kuka ne, ta miƙa hannu. Sai dariya ta ƙwace wa tsohuwar, irin wadda ke fitowa tun daga ciki, har tana dukan tabarma.

"Tayar keke! Wayyo cikina... Ashe ba tsufa ta yi a gwangwani ba, haka take tun asali!"

"Inna?" Khang ya sake leƙowa.

"Ubanku bai iya suyar gahawa ba, Khang! Bai taɓa iyawa ba! Sai ya zuba man shanu a kasko ya tafi hira, sai hayaƙi ya kori kaji sannan ya tuna. Washegarin aurenmu ya haɗa min, yana tsaye a kaina yana murmushi. Na kurɓa sau ɗaya, na ce masa ina da bugun zuciya, likita ya hana ni."

"To ciwon zuciyar..."

"Lafiyata ƙalau. Sama da shekara talatin ina wuce masu gahawa a titi ina haɗiyar yawu, don kada ya gani."

Khang ya dafe kai. "Ni kuwa a tukunyar fure nake juye tawa."

"Na sani. Shi ya sa furen bai taɓa girma ba. Gwaggonku mai ihun nan, ita a kwata take zubarwa, ta dawo tana lashe baki tana cewa babu kamar Yaya."

Dariyar ta lafa a hankali. Inna ta share ido da bakin mayafinta, muryarta ta sauka.

"Kullum ina ɗora masa. Ƙanƙara ta narke, kiyashi su taru, da rana in zubar. Ban taɓa ganin ta ragu ko da kurɓi ɗaya ba. Suna cewa ƙamshin yake sha. To, wataƙila. Rannan na fito na ga tambulan wayam..." Ta shafi gefen tabarma. "Na ɗan lokaci kaɗan na ɗauka ya dawo. Ba haushinki na ji ba, 'yar nan. Kunya na ji. Tsohuwa da ni, a gaban baƙuwa, ina kiran matacce."

"Inna, akwai abin da ban faɗa ba." Lua ta runtse ido. "Na ga silifas ɗinsa. Na ture su da ƙafa."

"Ni ma da ƙafa nake ture su, yana raye ma. Kullum a hanya yake barinsu." Ta gyara zama. "Wadda ta nuna miki kujerar kuwa ba sai kin faɗa ba. Yen a barandar nan ta koyi rarrafe, kare na gidan ma ya san ba a zama a wurin. Na tambaye ta wa ya tare ki a ƙofa, ta fara min in-ina. Na ce ta gaida uwarta."

Ɗigar ta tsaya.

Lua ta sauke mataci, ta juya baƙi da fari har suka zama ruwan ƙasa, ta kwarara a kan ƙanƙara a dogon tambulan. Ta miƙa da hannu biyu.

Inna Sau ta kurɓa. Ta rufe ido. Ta daɗe a haka.

"Ashe haka take..." ta ce a hankali. Sannan ta ɗaga murya. "Kai na waje! Shigo ka ba yarinyar nan haƙuri da kyau, ina kallo."

Khang ya shigo ya durƙusa, kunnuwansa sun yi ja.

"Lua, hasken idona... na yi shiru a ranar da ya kamata in yi magana. Ba zan sake ba."

"Za ka sake," Inna ta ce. "Ɗan ubansa ne. Amma ki karɓe shi haka, yana da kirki."

Lua ta yi dariya cikin kuka, ta ɓoye fuska a tafin hannu.

"Na karɓa, Yaya..."

*

Bayan girbin gahawa aka yi biki. Mahaifin Lua ya sauko daga tsauni da buhu guda a cikin kayan amarya. Gwaggo Bay ta zo, ta zauna fuska a murtuke, ta ci abinci faranti biyu.

Ba a ɗauke kujerar baranda ba, silifas ma suna nan.

Da safe Lua ke haɗawa, Inna Sau ta ɗauka da kanta ta kai kan ɗan tebur, ta tsaya har ɗigar ta ƙare.

"Ga ta nan, Maigida. Ka ji yadda ake yi."

Sai ta ba shi ɗan lokaci. Kafin ƙanƙara ta narke, ta ture silifas da ƙafa, ta zauna ta ɗauki tambulan.

A haka Gwaggo Bay ta same ta wata safiya, ta tsaya turus a ƙofar gida.

"Matar Yaya! Rabonsa kike sha? Ciwon zuciyar fa?"

Inna Sau ta karkaɗa ƙanƙara, ta kurɓa.

"Na warke. Lua, haɗa wa gwaggonki, ki kai mata nesa da kwata."