Katakon Kabarin Mak Rusnah

Ranar da Jumadi ya kai mahaifiyarsa, Mak Rusnah, asibitin bakin daji saboda tari, ranar ya fara ganin Hairani. Ita ke karɓar dashen itatuwa da marasa lafiya ke biyan magani da su. Ta ɗaga nasa, duk sun yi yaushi.

"Abang, tuge su ka yi kamar gashin kaza? Ina ƙasar jikinsu?" in ji ta. Abang a yarensu kamar a ce Yaya ne.

"Ni sara na iya, ba shuka ba," in ji shi, kunya kamar ya nutse.

Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, zuwa asibiti ya yawaita, soyayya ta kama. Amma mahaifinta, Pak Usup mai gadin daji, ya ce atafau ba zai ba mai injin sara 'yarsa ba. Jumadi ya yi wa Hairani rantsuwa ya daina, ya rataye injin.

Sai Mak Rusnah ta rasu cikin damina. A garinsu da katakon belian, wani itace mai ƙwari da jinkirin girma, ake yi wa kabari alama, shi kuwa ba zai bar kabarin uwarsa tsirara ba. Ya shiga daji ya kayar da guda ɗaya, jajayen birai suna ta gudu a sama. Kowa ya ji ƙarar injin. Asibiti ya janye rangwamen da yake yi wa ƙauyensu saboda ba a saran daji, magani ya yi wa tsofaffi tsada.

Saƙon Hairani ya shigo: "Ka rantse mini, Abang. Yau tsohuwa Nek Ijah ta koma gida babu maganinta. Kar ka ƙara kirana."

Ya amsa: "Na Mak ne, Hasken idona. Ban da ita da ke, wa gare ni?"

Jumadi ya rame, abinci ma ya gagare shi.

Ran Juma'a ya saɓi injin, gadon ubansa, ya dire shi gaban Pak Usup a bainar jama'a.

"Ni na yi, Pak. A hukunta ni, a bar tsofaffi."

Dattijon ya dube shi. "Uwata ma belian ne a kan kabarinta," ya ce a hankali. Ya yafe masa, Hairani ma ta sauko.

Bayan girbi aka mayar da rangwame, aka ɗaura aure, kujerar uwar ango babu kowa. Washegari suka kai dashen belian kusa da kabarin.

"Sai jikokinmu za su sha inuwarsa," in ji Hairani tana share hawaye.

Wannan karon da ƙasar jikinsa Jumadi ya kawo dashen. Allah ya jiƙan Mak Rusnah, ya ba su zaman lafiya.