Cokalin Kunu Yana Zuwa

Ranar da Tasi'u ya fara haɗuwa da Yakaka ko ganinta bai yi ba, domin idonsa a ɗaure yake da ɗankwali. Aikin Malama Saude ne. Tun da ta dawo daga kwas a Koriya take sa ɗalibanta na koyon jinya a Haɗejiya su ɗaure ido a ba su abinci a baki, wai su ɗanɗana abin da majinyaci yake ji.

Yakaka kuwa, ɗalibar da aka haɗa shi da ita, garin kunya ta ɗura masa kunu mai zafi ba ko gargaɗi.

"Wayyo harshena! Baiwar Allah, me na yi miki?"

Aji ya kwashe da dariya. Da ya kwance ɗankwalin ya ga mai laifin, ai sai ya manta da harshen.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Don Allah ka yi haƙuri. Ya bakin?"

Ya mayar: "Da sauƙi, Mai Kunu. Amma gobe ki faɗa min kafin cokali ya iso. Wallahi tsoron ya fi zafin."

Soyayya ta yi daɗi har ta kai ga maganar aure, sai ta ci karo da Iya Kolo, kakar da ta raini Yakaka a Auyo. Iya ba ta gani, kuma ba ta manta wani ma'aikacin asibiti da ya fizgi hannunta yana mata tsawa ba.

"Ke na san zuciyarki, ni na raine ki. Amma namijin asibiti? Ba da yawuna ba!"

Yakaka ta yi kuka ta rubuta masa: "Nawan, in Iya ba ta yarda ba, ba zan iya ba."

Da damina ruwa ya cinye hanya, Tasi'u ya hau kwalekwale ya je gaisuwa. Ya tarar da Iya tana fama da zazzaɓi, duk cokalin kunun da Yakaka ta kai mata baki sai ta zabura ta kau da kai. Gaisuwarsa ma da ƙyar ta amsa.

Ya durƙusa ya karɓi kwanon, ya fifita.

"Iya, ni ne Tasi'u. Na ɗebo rabin cokali, ya huce. Ga shi nan zuwa, in kin shirya."

Da kanta Iya ta buɗe baki. Haka ya yi ta faɗa mata har kwanon ya ƙare.

"Yaro, wa ya koya maka wannan?"

"Jikarki ce, Iya. Ƙona ni ta yi."

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. "Tunda idona ya tafi ba wanda ya taɓa jira na shirya, har ita ja'irar. Ka turo manyanka."

Bayan yankan shinkafa aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Iya ta lalubo hannuwansu ta haɗa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai tausayi. Ke kuma, ki dinga fifita masa kunu."