Barkonon Autan Otilia

"Kaka, don girman Allah ki bari! Ga wake na jiƙa, ga ƙwai, yanzu-yanzu zan dafa miki..."

"Ki mayar da wakenki. Yau a waje zan ci."

"To mu je cikin kasuwa."

"Gidan abincin Otilia nake so."

Araceli ta tsaya cak da ludayi a hannu, kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi.

"Ban da can, Kaka... ko'ina ban da can!"

"Au! Ashe akwai kura a can ban sani ba? Miƙo min sandata."

Araceli jikata ce, 'yar Lucinda, tilon 'yata da Allah ya karɓi abarsa shekara tara ke nan. Tun daga ranar mu biyu ne a gidan. A falo ta kafa keken ɗinkinta, tana ɗinka kayan 'yan makaranta, duk don kada ta yi nisa da ni. Shekararta ashirin da huɗu, kyakkyawa son kowa, amma taurin kai irin na kakanta Hilario, mijina marigayi.

Abin da ya tayar da ni kuwa, da safe ina ba shukokina ruwa sai ga Fidencio mai tasi ya taka burki a bakin tagata. Leɓensa ya kumbura suntum.

"Doña Herminia, ki cece mu! Kwana goma sha ɗaya ke nan unguwar Analco ba ta ci abinci cikin kwanciyar hankali ba!"

"Ni na hana ku?"

"Barkonon gidan Otilia ne! Wuta, Doña, wuta! Kin dai san magana, in barkono ya yi zafi mai dakan ne ke fushi."

"To ku lallashi Otilia mana."

"Ai ba ita ke daka ba, autanta ne, Efraín. Tun ranar da jikarki ta mayar masa da zobensa yake huce haushi a kan harsunanmu."

Butar ta kusa suɓuce min.

"Zobe?! Wane zobe?"

Ya toshe baki, ya taka motarsa ya gudu.

Ni Herminia ban taɓa zama a aji ba, amma a unguwar nan na san wanda ya zo jana'izar mijina da wanda ya aiko da gaisuwa kawai. A ce an ba da zobe, an mayar da zobe, a ƙarƙashin rufina, sai a bakin mai tasi zan ji? Ina!

Wai Araceli ba ta son zuwa, amma sai da ta canza riga sau biyu. Har da jan baki.

Layi uku ne tsakaninmu da gidan abincin. Ƙarfe biyu da rabi muka shiga, wurin ya cika maƙil. Tebur shida ne dama, kowanne da ledarsa mai furanni. Ga magina da siminti a gashi, ga 'yan asibiti biyu da fararen kaya, ga Fidencio a lungu yana neman ɓuya a bayan kofi.

"A ci lafiya, jama'a!" na ce.

"Mun gode, Doña!" suka amsa, amma duk idonsu na kan Araceli.

Otilia na bakin ƙofa tana gasa tortiya, tana tafa ƙullin masara a tafin hannu. Da ta gan mu sai ta goge hannu ta taho tana jan ƙafarta mai ciwo.

"Yau wace rana! Herminia da kanta? Ko murhunki ne ya mutu?"

"Na zo in ga ko har yanzu kina cika wa miya ruwa."

"Bakin nan naki ba zai mutu a kasko ba. Zauna, zauna! Araceli, 'yar nan, kin rame..."

Ni da Otilia mun daɗe. Ni na riƙe ta ranar da ta haifi Efraín, ruwa ya cika layi ungozoma ta kasa zuwa. Ita kuma da Lucinda ta rasu, kwana taran addu'a ita ta ciyar da duk wanda ya tako gidana. Kunnen doki muka yi, ba ta bina ba na binta. Haka nake son zamana da mutane.

Aka kawo miyar taliya, aka kawo jar shinkafa, sannan kaza cikin baƙar miyar mole, da kwandon tortiya an rufe da tsumma yana tururi. A tsakiyar tebur ga turmin dutse cike da dakakken barkono, ja wur. Na lura duk teburan ba wanda ya taɓa nasa.

Na ɗauki tortiya, na cika cokali.

"Kaka! Likita ya hana ki!"

"Likitan yana nan?"

Na naɗe, na kai baki.

Jama'a! Na ci barkono a duniya, amma wannan ba barkono ba ne, zuciyar mutum ce aka daka! Kunnuwana suka toshe, idanuna suka kawo ruwa, tari ya sarƙe ni. Araceli ta ƙwalla ƙara tana bubbuga bayana. Magina suka miƙe. Ɗaya cikin 'yan asibitin tana cewa a kawo madara, ɗayar tana cewa gishiri, Fidencio yana yi min fifita da hularsa.

"Efraín!" Otilia ta ƙwala kira. "Fito ka ga aikinka! Ka kashe min ƙawa!"

Sai ga shi a guje daga kicin da jug ɗin zoɓo, dogo, gemu ya tsiro ba aski, ido ya faɗa. Ya shiga zuba min.

"Doña Herminia, ki yafe ni, ban san ke ce..."

Maganar ta maƙale. Ya ga Araceli tsaye a bayana, wadda yake kira Cheli.

"Cheli..."

"Efraín..."

Shi ke nan abin da suka iya cewa. Zoɓon ya cika kofi, ya malale a kan leda, yana ɗiga a cinyata, ba wanda ya gani a cikinsu.

"To ka wanke ni da kyau," na ce. "Zauna."

"Doña, tukunya na kan wuta..."

"An ce ka zauna!" in ji uwarsa. Ita ma ta ja kujera.

Na share ido, na dubi jikata.

"Me ya yi miki? Duka? Shaye-shaye? Wata ya ajiye?"

"A'a, Kaka! Efraín bai taɓa ɓata min rai ba."

"Ba kya sonsa?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗigo a kan shinkafarta.

"Ina sonsa kamar raina..."

Wani magini ya saki ajiyar zuciya da ƙarfi, abokinsa ya zungure shi.

"To me ya kai zobe komawa?"

"Na yi wa Mama alkawari, Kaka. A gadon asibiti ta riƙe hannuna ta ce kada in bar ki ke kaɗai. Wa zai ba ki magani? Wa zai ji ki in kin faɗi?"

Na juya ga yaron. "Kai kuma ƙafarka ta karye ne da ba za ka tare a gidanmu ba?"

"Doña, ni ne auta. Kin san auta shi ke zama a gida. Yayyena duk suna arewa, sun ƙetare iyakar ƙasa. Mama ga ciwon suga, bara ta yanke jiki a banɗaki, ba don ina sama na ji ƙarar ba..." Ya dubi uwarsa. "Ɗakina kuma bene ne, matakalar ƙarfe mai murɗewa. Ba za ki iya hawa ba. Mun juya maganar nan ta kowace fuska. Cheli ta ce gara mu haƙura."

Na dubi Otilia, Otilia ta dube ni.

Na ce, "Kin ji ko? Mu ne duwatsun da suka tare hanya."

"Na ji. Sun yanke mana hukunci, ko a tambaye mu."

"Yaran zamani! Sun yi kukansu, sun yi jana'izar aurensu, mu muna nan muna tsince wake!"

"Kaka, ba haka ba ne..."

"Rufe min baki. Kafin uwarki ta ba ki amanata, ni ta fara ba amanarki. Kina so in je in same ta in ce mata na bar ki kin tsufa a kan keken ɗinki kina ƙirga min ƙwayoyi?"

Otilia ta murza gefen ledar tebur. Can ta ɗago.

"Herminia, ɗakina na ƙasa ne, nan bayan kicin. Gado biyu ne a ciki, tun da 'yata ta yi aure ɗayan tsummokara ke kwana a kai. Ki dawo nan. Su hau benensu, ƙafarsu ƙalau. Shi bai bar ni ba, ita ba ta bar ki ba."

Duk ido ya dawo kaina.

Ni kuwa sai na ji kamar an ɗora min dutsen niƙa a ƙirji. Shekara hamsin da ɗaya ina gidan nan. Hilario da hannunsa ya ɗora kowane bulo. A ɗakin tsakiya na haifi Lucinda. Tun da aka kai ni ban taɓa kwana ƙarƙashin rufin wani ba, ban taɓa cin loma ban san da me zan rama ba. Yanzu da furfurata in koma 'yar karo?

Araceli ta karanta fuskata. Ta miƙe tsaye.

"A'a! Doña Otilia mun gode, amma a'a. Kaka ba za ta bar gidanta saboda ni ba. Bishiyar lemon da Kaka Hilario ya dasa fa? Tashi mu tafi, Kaka."

Efraín ya runtse ido. "Gaskiyarta ne, Doña. Ba zan gina farin cikina a kan hawayenki ba. Cheli, hasken idona... ki je. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ta miƙo min sandata, ta ƙi yarda ta kalle shi.

Na dubi hannun nan nata. Duk sawun allura. Shekara tara hannun nan yake wanke min ƙafa.

Na karɓi sandar, na buga ta a ƙasa.

"Gadon da ke jikin taga nawa ne!"

Otilia ta zaro ido. "Kai! A nan nake kwana!"

"Sai ki matsa. Kuma da kanarina zan zo."

"Tsuntsu a gidan abinci?"

"Ya fi wasu masu cin abincinki tsabta."

"Doña, da mu kike?" in ji Fidencio.

"Wanda ya tsargu! Kuma rediyona ƙarfe shida yake tashi. Kuma ba na cin na banza, ni zan riƙa tsince wake, ni zan ɓare tafarnuwa."

"Kina minshari?" in ji Otilia.

"Ke za ki gaya min."

"Kaka..." Araceli ta durƙushe a gabana. "Da gaske kike? Gidanki fa?"

"Bulo ne, 'yar nan. Bulo ba ya kirana Kaka."

Ta faɗa jikina ta fashe da kuka. Sai wurin ya kaure! Magina na buga cokula a kan kofuna, 'yan asibiti sun rungume juna, Fidencio ya fita a guje yana danna hon ɗin tasinsa kamar an ci kofin duniya. Masu wucewa suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Cikin hayaniyar na jawo hannun Otilia, na rage murya.

"Wannan alherin ya fi ƙarfina. Ba ni da abin da zan rama miki da shi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"To ki mutu da shi a wuyanki, ke ma ki ji yadda sauran mutane suke ji!"

Ina juyowa sai na ga Efraín ya zube gwiwa ɗaya a ƙasa, yana laluben aljihun rigar girkinsa. Ashe duk kwanakin nan zoben yana jikinsa, an ƙulle a ƙyalle.

"Cheli, rabin raina, za ki..."

"Dakata, ɗan nan!" Na tare shi da sanda. "Ba a neman jikata a tsakanin kwanukan miya. Ranar Lahadi ka yi aski, ka sa takalmin kirki, ka zo da uwarka da kwandon burodi da kyandir, ka ƙwanƙwasa min ƙofa kamar ɗan mutunci. A gidan Hilario za a nemi aurenta. Wannan ne aikin ƙarshe da gidan zai yi min."

"To, Doña. Lahadi. Da sassafe!"

"Bayan an taso coci, marar kunya."

Ya koma kujerarsa yana dariya yana share ido. Ita ma ta zauna, kusa da shi wannan karon.

Ba a yi minti ɗaya ba na ga hannunta na hagu ya zame ƙarƙashin tebur. Nasa ma ya bi, da ƙullin zoben a ciki. Kafaɗarsa ta ɗan motsa, ita kuma ta ciji leɓe, fuskarta ta haskaka kamar an kunna fitila.

Na ɗaga kai ina kallon ƙwallon da ake bugawa a talabijin ɗin saman firji, ni da ban taɓa sanin wa ke cin wa ba.

"Otilia," na ce, "waɗannan masu koren kayan sun iya gudu."